Ina Sauran Yaran da Aka Rubuta Sunayensu?



Dogon hutu ya ƙare, makarantu sun buɗe, kowace safiya kuwa hanyoyin garuruwanmu da ƙauyukanmu cike suke da yara sanye da kayan makaranta. A cikinsu akwai waɗanda barinsu firamare ke nan, sun shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, rigar da aka ɗinka masu ta yi masu yawa domin iyaye sun yi lissafin za su girma a cikinta. A kan waɗannan yara, da kuma makarantar gwamnati wadda yawancinsu suke zuwa, nake so in yi magana da ku yau.

A ofishin shugaban kowace ƙaramar sakandare ta gwamnati a Jihar Kaduna akwai takardu biyu. Ta farko ita ce rajista, inda ake rubuta sunan kowane yaro ranar da aka karɓe shi, da shekarunsa, da sunan mahaifinsa, da unguwa ko ƙauyen da ya fito. Ta biyu ita ce takardar sakamakon jarrabawar fita daga aji uku. Ta biyun nan kowa yana marmarin ganinta. A wasu wurare har manna ta ake yi a bango, iyaye su tsaya suna bin sunaye da yatsa, a yi murna, a yi fushi, a gwada wannan makaranta da waccan. Ta farkon kuwa tana kwance cikin kabad, ƙura ta rufe ta, ba mai tambayarta. Amma wanda ya karanta ta biyun bai buɗe ta farkon ba, rabin labari ya ji, kuma rabin da bai ji ba shi ne ya fi nauyi a gaban Allah.

Ku tuna da abin da Waliyyi Luka ya ba mu labari a sura ta biyu ta Bishararsa. Yesu yana da shekara 12, daidai shekarun ɗan aji ɗaya, iyayensa suka tafi da shi Urushalima domin Idin Ƙetarewa. Da aka gama idi ayari ya kama hanyar gida, yaron kuwa ya tsaya a baya, Maryamu da Yusufu suka yi tafiyar yini guda ba su sani ba. Wa zai buɗe baki ya ce Uwarmu Maryamu ba ta kula da ɗanta? Abin da ya faru shi ne sun ɗauka yana cikin taron dangi da abokan tafiya. A cikin jama'a mai yawa yaro yakan ɓace ba a ji motsinsa ba, gama kowa yana tsammani yana hannun wani. Malami yana tsammani yaron yana gida ba shi da lafiya, uba yana tsammani yana makaranta, katikis yana tsammani an canja masa makaranta, haka zango ɗaya zai wuce, na biyu ya bi. Iyali Mai Tsarki sun bambanta da mu a abu biyu. Sun duba cikin dangi tun ranar farko, suka gane ba ya nan. Da suka gane kuma ba su ce bari mu isa Nazarat tukuna ba. Sun rabu da ayarin, suka koma da baya, suka sha wahalar nema har kwana uku.

Ƙaramar sakandare ba tsohuwar aba ba ce a ƙasar nan. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ce ta kawo tsarin 6-3-3-4, aka fara aiki da shi a 1982, da niyyar yaro ya yi shekara uku bayan firamare yana koyon karatu tare da aikin hannu, domin ko bai ci gaba ba ya fita da abin yi. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi doka wadda ta ce shekara tara na farko, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Dokar ta tanadi hukunci ga uba ko uwar da suka hana ɗansu zuwa: da farko gargaɗi, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Tarar nan a yau ba ta kai kuɗin kaza ba, amma ƙa'idar da ke bayanta tana nan da ƙarfinta. A gaban dokar ƙasa, yaron da ya shiga aji ɗaya yana bin mu bashin aji uku.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Wannan misali ne kawai na koyarwa, ban ɗauko shi daga wata makaranta ba. A ce makarantu biyu kowace ta karɓi yara 100 a aji ɗaya. Bayan shekara uku, a ta farko yara 60 suka zauna jarrabawa, 48 suka ci. Takardar bango za ta ce kashi 80 cikin ɗari sun yi nasara, a tafa wa shugaban makaranta. A ta biyu yara 90 suka zauna, 63 suka ci, takarda ta ce kashi 70 cikin ɗari, iyaye su fara gunaguni suna neman hanyar cire 'ya'yansu. To, wace ce ta fi aiki? Ta biyun ta fitar da yara 63, ta farkon 48. Ta biyun yara 10 suka ɓace mata a hanya, ta farkon 40. Ga kuma abin da ya fi ban tsoro: waɗanda suke barin makaranta galibi su ne masu rauni a karatu da 'ya'yan marasa ƙarfi, saboda haka duk lokacin da ɗaya ya tafi, sakamakon makaranta ƙara kyau yake yi. Makaranta tana iya hawa sama a idon jama'a ta hanyar zubar da yara. Wannan jaraba ce ga kowane shugaban makaranta da ake auna shi da kashi nawa cikin ɗari, mu iyaye kuwa mu muke ɗora masa ita idan ba mu tambayi kome ba sai wannan. Makiyayin da Ubangiji ya ba mu misalinsa ya fara ƙirga garkensa daga ɗari, shi ya sa ya san ɗaya ta ɓata. Da daga waɗanda suka dawo garke da yamma ya fara, da ya kwanta barci da murna cewa duka sun cika.

Ina suka tafi? Kun fi ni sani, gama a gidajenmu suke. 'Yan mata suna tafiya tsakanin aji biyu da aji uku, wata an kai ta aikatau Abuja ko Kaduna a hannun wata 'yar'uwa da ta yi alkawarin za ta sa ta makaranta, wata ta yi ciki an kore ta ko kunya ta hana ta komawa, wata an ba da ita aure, wata kuma babu wani dalili sai dai makarantar ba ta da bayan gida mai ƙofa, ta riƙa fashin kwana huɗu ko biyar kowane wata har karatu ya wuce ta. Kada mu ce wannan matsalar wasu ce ba tamu ba. Shirin nan na Bankin Duniya domin karatun 'yan mata, wanda aka amince da shi a 2020 da Dala miliyan 500, ya fara ne da jihohi bakwai, Kaduna da Filato suna cikinsu. Samari kuma suna tafiya wajen haƙar ma'adinai, ko acaɓa, ko yaron mota, domin sun ga na gaba da su ya gama sakandare yana zaune a gindin mangwaro ba aiki. Lokacin shuka da lokacin girbi aji yakan ragu, wasu su dawo, wasu ba sa dawowa. A 2023, da cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kaciya da Jaba da Kagarko, iyalai da yawa sun rasa amfanin da suke dogara da shi wajen sayen kayan makaranta da littattafai, kun kuwa san cewa karatun da ake kira kyauta yana da riga da takalmi da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai a bayansa.

Akwai kuma waɗanda tsoro ya kora. Ranar 7 ga Maris 2024 'yan bindiga suka shiga makarantar gwamnati a Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Cikun, suka kwashe yara daga firamare da sakandare, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137. A shekarar ce gwamnatin jiha ta sanar da shirin haɗe makarantu 359 da ke wuraren haɗari da wasu da ke wuraren da suka fi tsaro. Idan an matsar da makaranta, ɗan da ke da keke zai bi ta, 'yar da za ta yi tafiyar sa'a biyu cikin daji ba za ta bi ba, kuma ba wanda zai ga laifin uwarta.

Idan aka tara waɗannan duka a faɗin ƙasa, adadin yana da firgitarwa. Shekaru da yawa UNICEF tana ambaton yara miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 waɗanda ba sa makaranta a Nijeriya. A 2022 UNESCO ta ba da kimanin miliyan 20, domin ita ta haɗa har da masu shekarun sakandare. Amma miliyan ba ta da fuska, ba a kuma iya nemanta cikin dangi. Yaro 40 na rajistar makarantar unguwarmu suna da suna, suna da uba, yawancinsu ma mun san ƙofar gidansu.

Yanzu mu juya ga waɗanda suka zauna har ƙarshe. Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yara masu shekara 7 zuwa 14, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai suke iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, kimanin kashi 25 kuma suke iya lissafin farko. Ma'anarsa ita ce yara da yawa suna shiga ƙaramar sakandare ba su iya karatu ba, sai a ɗora masu kimiyya da fasaha da nazarin zaman jama'a da Turanci, harshen da ba a yi da shi a gida, a wasa ko a kasuwa. Yaron da ke Bajju ko Tyap ko Gbagyi da kakarsa, yana Hausa da abokansa, yana zaune yana kwafar abin da ke kan allo harafi harafi kamar mai zana hoto. Littafinsa cike yake da rubutu mai kyau, kansa babu ko ɗaya daga ciki. Ba dolo ba ne. Ginin da ba a yi wa harsashi ba ne ake ta ɗora masa bulo.

Kun tuna da abin da ya faru a jihar nan a 2017, sa'ad da aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kāsa samun kashi 75 cikin ɗari, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sallame su. An yi gardama sosai a kan yadda aka yi gwajin da yadda aka yi korar, a cikin waɗanda abin ya shafa kuma akwai 'yan'uwanmu masu zama tare da mu a wannan majami'a, waɗanda suka sha wuya ƙwarai. Ban tsaya nan domin in sake buɗe wannan gyambo ba. Na ambace shi ne domin mu gane cewa raunin da muke gani a aji uku tun daga aji ɗaya na firamare ya faro, kuma zalunci ne a ɗora shi duka a kan malamin ƙaramar sakandare. Manufar ilimi ta ƙasa ta so malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 35 zuwa 40. Ku je ku leƙa ta taga a makarantun gwamnati na cikin gari, ku ƙirga kawuna da kanku. Malamin da ke da ninkin wannan adadi a aji ɗaya, yana kuma shiga aji huɗu ko biyar a rana, yaushe zai gane cewa yarinyar da ke benci na ƙarshe ba ta iya karanta sunan littafinta ba?

Mu iyaye kuwa tambaya ɗaya muka iya idan yaro ya kawo takardar ƙarshen zango: ka zo na nawa? Na ɗaya a cikin waɗanda ba su iya karatu ba, ina amfaninsa? Na talatin da ya fara zango ba ya iya haɗa haruffa, ya ƙare yana karanta shafi guda, ya fi cancanta a yanka masa zakara. Akwai gwajin da ba ya bukatar kuɗi: ka ba ɗanka littafinsa na makaranta, ka buɗe inda ka ga dama, ka ce ya karanta da ƙarfi, sa'an nan ya faɗa maka da harshen gida abin da ya karanta. Ko kai ba ka yi boko ba, za ka ji ko yana tafiya ko yana tuntuɓe.

Daga wannan tambaya ta na nawa ce wani mugun abu yake fitowa, dole kuwa in faɗe shi daga kan bagade. Idan jarrabawa ta gabato akan ji ana tara kuɗi a asirce, a ce na taimakon yara ne, kowa kuwa ya san na rufe idon mai sa ido ne. Akwai iyaye Kirista da suke ba da wannan kuɗi da hannun da suka ba da baiko ranar Lahadi. Dokar ƙasa ta 1999 ta haramta satar jarrabawa, amma tun kafin ta Doka ta Bakwai da ta Takwas cikin Dokoki Goma sun riga sun yi magana, gama takardar da ta ce yaro ya san abin da bai sani ba shaidar zur ce, gurbin da ya samu da ita kuma na wani ne aka sace. Babban wanda aka cuta shi ne yaron kansa. An koya masa yana da shekara 14 cewa mahaifinsa bai gaskata zai iya ba, kuma cewa ƙarya tana da farashi. Wanda ya yi wannan, abu ne na kaiwa wurin furta zunubi, kada ya ɗauke shi wayo.

Akwai wani abu kuma da rajista take faɗa wanda takardar bango ba ta faɗa, wato su wane ne suke zaune a kan bencin. Dattawan da ke cikinmu sun san lokacin da ɗan ma'aikaci da ɗan manomi da ɗan sarki suke aji ɗaya. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, Kwalejin Waliyyi Yohana ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, ta Sarauniyar Manzanni da ke Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Mun yi baƙin ciki, muna kuma da dalili. Bayan haka Ikklisiya ta sake gina nata makarantun, sun yi suna, muna gode wa Allah. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: makarantunmu na kuɗi ne, domin malami ba ya cin addu'a, kuma yawancin masu cika majami'unmu ranar Lahadi ba su da ƙarfin biya. 'Ya'yan masu hali, har da 'ya'yan waɗanda suke tafiyar da makarantun gwamnati, sun koma makarantun kuɗi. Wanda ya rage a makarantar gwamnati shi ne ɗan gwauruwa, da ɗan gudun hijira wanda aka ƙone ƙauyensu, da yarinyar da ke aiki a gidan wani, da saurayi ɗan shekara 17 da ya makara shiga yana zaune da 'yan shekara 12. Da masu murya suka fita, ba sauran mai zuwa ofishin ilimi ya buga tebur idan rufin aji ya yaye. Idan muka ce makarantar gwamnati ta lalace muka juya mata baya, 'ya'yanmu na baftisma muka juya wa baya, gama a can mafi yawansu suke.

A birnin Kaduna akwai ƙarin ciwo. Bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane suka yi ta ƙaura, Kirista suka taru a kudancin kogi, a Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi kuma suka taru a Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Rajistar makarantu ta bi sawun ƙaurar. Yau akwai yaron da zai gama aji uku bai taɓa aron biro a hannun Musulmi ba, akwai kuma takwaransa a ƙetaren kogi wanda bai taɓa raba ƙosai da Kirista ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗan'uwansa jita-jita ce. Inda kuwa har yanzu ake samun aji mai ɗauke da Bajju da Atyap da Ham da Adara da Bahaushe da Bafulatani da ɗan Ibo mai shago, wannan aji dukiya ce da ba ta fitowa a takardar sakamako, ya kamata mu riƙe ta da hannu biyu.

Majalisar Vatikan ta Biyu, cikin sanarwarta a kan ilimin Kirista ta ranar 28 ga Oktoba 1965, ta koyar da cewa kowane ɗan Adam yana da hakkin samun ilimi saboda darajarsa ta mutum, cewa iyaye su ne malamai na farko, kuma cewa Ikklisiya tana da nauyin kasancewa tare da 'ya'yanta masu yawa da ke karatu a makarantun da ba nata ba. Wannan nauyi na ƙarshe shi ne muka fi mantawa da shi.

Ga wanda ya riga ya yanke wa ɗansa hukunci cewa ba shi da kan karatu, ina so ya ji labarin Waliyyi Yohana Viyani. An haife shi a 1786 a gidan manoma a Faransa, juyin juya halin ƙasar ya hana shi karatu da wuri, ya kusa shekara 20 kafin ya zauna koyon Latin tare da yara ƙanana da suka fi shi saurin ganewa. A babbar makarantar horar da firistoci ta Liyon, inda da Latin ake koyarwa, ya kāsa, aka sallame shi. Da takardar bango ce kaɗai take magana, da labarinsa ya ƙare a nan. Amma akwai wani firist, Fada Balle, wanda ya ɗauke shi gida, ya koya masa darussan da Faransanci, harshen da yake ji, ya kuma tsaya masa a gaban manya har aka naɗa shi firist a 1815. Shi ne aka tura ƙauyen Ars a 1818, inda daga baya ya buɗe gida da makaranta domin 'yan mata marasa galihu, shi ne kuma Fafaroma Piyus na 11 ya sa ya zama waliyyin dukan firistocin farish a 1929. Yaron bai canja kai ba. Mutum ɗaya ne ya zauna kusa da shi, ya yi masa magana da harshen da yake ganewa.

To, ga abin da nake roƙo. Kowane katikis, a babbar majami'a da ƙananan majami'u na ƙauyuka, yana da littafin baftisma da jerin 'yan katikizim. Ya zauna da shugabannin Zumuntar Mata Katolika, gama su suka san abin da ke cikin kowane gida, su rubuta sunan kowane yaro mai shekara 11 zuwa 16, a gaban sunan kuma a rubuta makarantarsa da ajinsa. Inda aka rasa abin rubutawa a gaban suna, nan aikin yake. Mutum biyu su je gidan, ba da faɗa ba, ba kuma a gaban maƙwabta ba, su ji dalili. Idan riga ce da takalmi, farish ba za ta kāsa ba. Idan yarinya ce ta haihu, a yi magana da shugaban makaranta a kan komawarta, Zumunta kuma ta nemi mai riƙe jariri da safe. Ta yi kuskure, amma ba mu da ikon ƙara mata hukuncin jahilci har ƙarshen ranta. Idan an kai ta aikatau, a kira wadda ta ɗauke ta a tambayi sunan makarantar da ajin. Ku kuma da kuke da 'yar wani a gidanku tana wanke-wanke sa'ad da 'ya'yanku suke aji, ba sai katikis ya zo ƙofarku ba.

Matasanmu da suka gama sakandare ko jami'a suna jiran aiki, ga aiki. Ɗakin katikizim yana zaune babu kowa yawancin yammacin mako. Sa'a ɗaya, sau uku a mako, yara biyar ga mutum ɗaya, karatu kawai da lissafin farko, ana bayani da Hausa ko harshen gida inda Turanci ya tsaya. Kada a tambayi yaro addininsa a bakin ƙofa. Ɗa na kowa ne, ɗan maƙwabcinmu Musulmi idan ya zo a ba shi wuri a benci, a koya masa karatu, a bar shi da addininsa, iyayensa kuma su san haka tun farko.

Maza kuma, kowace makarantar gwamnati tana da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Ku shiga, ko da 'ya'yanku suna wata makaranta. Idan aka karanta maku sakamakon bana, ku yaba inda ya kamata, sa'an nan cikin ladabi ku roƙi a kawo rajistar shekara uku da suka wuce, a faɗa maku nawa aka karɓa, nawa suka zauna jarrabawa, mata nawa, maza nawa. Shugaban makaranta mai gaskiya zai yi murna da tambayar, domin shi ma ya daɗe yana neman wanda zai ɗauki kayan tare da shi.

Ku malaman makarantun gwamnati da ke cikinmu, na san albashinku, na san yawan kawunan da ke gabanku, ban zo in ƙara maku kaya ba. Kiran suna da safe kuna yinsa kullum. Abin da nake roƙo shi ne idan suna ya yi mako biyu ba a amsa ba, kada ku ja masa layi ku wuce. Ku aiko mana da shi. Bayan Misa ta ƙarshe yau ina so dukan malamai, na firamare da na sakandare, har da waɗanda suka yi ritaya, su tsaya tare da katikis da shugabar Zumuntar Mata a ɗakin taro, mu raba unguwanni. Jerin sunayen ya iso ofishin farish kafin Lahadi ta farko ta watan gobe, mu kuwa za mu karanta adadin kowace majami'a a nan, ban da sunaye, domin kowa ya ji inda muka tsaya.